Daga Nancy Drew Zuwa Katniss: Tarihin Jarumar Da Ta Hana Mu Barci

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne muhawarar da ta taso a taronmu na ƙarshe, lokacin da aka zo maganar littattafan da ƙungiya za ta saya wa laburaren makaranta. Waɗanda suka halarta za su tuna cewa wasu daga cikin yayyenmu sun tsaya kai da fata a kan kada a kashe ko kwabo wajen sayen littattafan labarai, a tsaya a kan na lissafi da kimiyya kawai. Wata yayarmu da nake ganin girmanta ƙwarai har ta kawo misali da wani littafi da ta kama jikarta da shi, mai hoton tsuntsu riƙe da kibiya a bango. Ta ce yarinya ta ƙi cin tuwon dare saboda shi, kuma wai labarin wata ce mai yawo da kwari da baka kamar maharbi. Aka yi dariya, aka wuce. Ni dai kunya ta hana ni magana a ranar, amma na koma gida da abin a raina, domin na san littafin, na kuma san cutar da ta kama yarinyar nan. Ta taɓa kama ni, ta kuma kama da yawa daga cikin masu dariyar.

'Yan ajinmu za su tuna kabad ɗin nan na ƙarshe a laburare, kusa da taga, inda ake ajiye littattafan Nancy Drew da na Famous Five. A shekarar 1980, muna aji biyu, littattafan nan sun sha hannu har an ɗinke wasunsu da zaren kitso. Layi ake bi, kowa kwana ɗaya tak, mai son tsallake layi kuwa sai ta ba da gwangwanin gari ko ƙuli-ƙuli. Bayan an kaɗa ƙararrawar kashe fitila sai a shige bargo da tocila. Sau biyu firifet tana kama ni, sau biyu ina yankan ciyawa a bayan ɗakin cin abinci. A karo na uku sai aka kai ƙarata wurin malamarmu ta Ingilishi, mutuniyar Indiya. Maimakon horo sai ta kafa doka, ta ce duk wadda ta karanta littafi, ranar Juma'a ta fito gaban aji ta ba da labarinsa da Turanci, ba tare da ta duba takarda ba. Ni dai a nan bakina ya buɗe, kuma na san ba ni kaɗai ba ce.

To, wace ce wannan Nancy, kuma daga ina ta fito? A Amurka aka ƙirƙiro ta. Wani ɗan kasuwar littattafai mai suna Edward Stratemeyer yana da kamfani da ke ɗaukar marubuta haya, ya ba su ƙashin labari su sa masa tsoka, sannan a buga da sunan aro. A 1927 ya fitar da Hardy Boys domin yara maza. Da ya lura 'yan mata ma suna sayensu, sai ya ce a yi musu tasu jarumar. Littafi na farko, The Secret of the Old Clock, ya fito a 1930, shi kuwa Stratemeyer ya rasu 'yan makonni bayan haka, bai ga irin kasuwar da abin ya yi ba. Sunan Carolyn Keene da muke gani a bango, ashe babu mai shi. Wadda ta rubuta 23 daga cikin littattafai 30 na farko wata matashiyar 'yar jarida ce, Mildred Wirt Benson, wadda aka fara biyan ta dala 125 a kan kowane littafi, da sharaɗin ba za ta ce ita ta rubuta ba. Sai a 1980, a wata shari'a tsakanin kamfanonin ɗab'i, sunanta ya fito fili. Ita kanta mace ce mai kamar maza, don kuwa har tuƙin jirgin sama ta koya, kuma tana aikin jarida har ta rasu a 2002 tana da shekara 96.

Nancy ta farko 'yar shekara 16 ce, 'yar wani lauya, tana tuƙa motarta, tana bin sawun ɓarayi, ba ta kuma jiran a ba ta izini. Wannan hali bai yi wa manya daɗi ba. Laburarori da yawa a Amurka sun yi shekaru suna ƙin ajiye irin waɗannan littattafai, suna cewa shirme ne mai ɓata wa yara lokaci, amma yaran suka ci gaba da saye da kuɗin kashewarsu suna musaya a tsakaninsu. Daga 1959 kamfanin ya shiga sake rubuta tsofaffin littattafan, ya rage babi daga 25 zuwa 20, ya cire kalaman wariyar launin fata da ke ciki, ya kuma sanyaya halin Nancy ta zama mai ladabi fiye da da. Ke nan tun asali ana jan igiya tsakanin abin da yarinya ke son karantawa da abin da manya ke so ta karanta.

A Ingila kuma Enid Blyton ta fara Famous Five a 1942, ta yi littattafai 21 zuwa 1963. Yara huɗu ne da karensu Timmy, amma duk ɗakin kwananmu babu wanda ake so kamar Georgina, yarinyar da ta datse gashinta ta ce a kira ta George, ga iya tuƙa kwalekwale, ga taurin kai. Har akwai wata 'yar ajinmu da muka laƙaba wa wannan suna, wadda na san tana karanta wannan shafi tana murmushi.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai 'ya'yan Hausawa neman jaruma a ƙasar Turawa? Amsar tana cikin kabad ɗin Hausa na laburaren. Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mun karanta su mun ji daɗinsu, haka ma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Sai dai babban jarumin kowannensu namiji ne. Jerin Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara a 1977, wanda The Undesirable Element na Mohammed Sule ke ciki, ya kawo mana sunaye da garuruwa irin namu, amma a yawancinsu bindiga da guje-guje na maza ne, mata kuwa soyayya da kuka.

Abin mamaki shi ne ba jarumai mata muka rasa ba. A darasin tarihi an koya mana Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku, wadda Tarihin Kano ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, har yau kuma ana kiran wasu ganuwoyi da sunanta. A ƙasar Nijar akwai Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarinta da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. A Islamiyya kuma mun ji labarin Nusaiba bint Ka'ab, wadda ta ɗauki takobi ta kare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ranar Uhudu. Abin da muka rasa shi ne wanda zai zauna ya rubuta wa 'yar shekara 14 irin wannan labari da harshenta, babi bayan babi, yadda ba za ta iya ajiyewa ba. Da mata suka fara rubutu an sami canji. Hafsat Abdulwaheed ta kawo Boɗaɗo a So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta kawo Abu a Wa Zai Auri Jahila? a 1990, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, ta ƙi sallamawa har ta yi ilmi. Waɗannan ba su riƙe takobi ba, amma zuciyar iri ɗaya ce.

A can ƙasashen Turawa ma tafiyar ba ta zo da sauƙi ba, domin masu buga littattafai sun daɗe da imanin cewa yaro namiji ba zai karanta labarin mace ba, ko abin da mace ta rubuta. Shi ya sa aka shawarci Susan Hinton, wadda ta rubuta The Outsiders tana 'yar sakandare aka buga a 1967, ta ɓoye sunanta a bayan haruffan S. E. Bayan shekara 30 aka maimaita wa J. K. Rowling, mai Harry Potter, wannan shawara. A tsakanin nan Tamora Pierce ta fitar da Alanna a 1983, labarin yarinyar da ta yi shigar maza ta karɓi gurbin ɗan uwanta tagwaye domin ta koyi aikin barde. Wato har a ƙagaggen labari sai mace ta ɓad da kama kafin a ba ta takobi.

Littafin da ya rushe wancan imani shi ne wanda yayarmu ta kama a hannun jikarta, wato The Hunger Games na Suzanne Collins, da aka buga a Amurka a 2008. Marubuciyar ta ce tunanin ya zo mata ne wani dare tana sauya tashoshin talabijin, nan ga shirin gasar matasa, can ga hotunan yaƙin Iraƙi, har biyun suka cakuɗe mata. Ta haɗa da tsohuwar hikayar Girkawa, inda ake tilasta wa birnin Atina aika samari 7 da 'yan mata 7 a ba dodo. A labarin nata, wata azzalumar gwamnati ce ke mulkin gundumomi 12, kowace shekara ta ɗauki yaro da yarinya daga kowace gunduma, su 24, su yi ta faɗa a gaban kyamara har sai saura ɗaya. Katniss Everdeen 'yar shekara 16 ce, marainiya, mahaifinta ya mutu a ramin haƙar kwal, da farauta a ɓoye take ciyar da uwarta da ƙanwarta. Da ƙuri'a ta faɗa kan ƙanwar, 'yar shekara 12, sai ta fito ta ce a ɗauke ta a madadinta. Duk wadda ta taɓa goyon ƙane, ko ta bar rabonta na tuwo saboda ƙanwa, ba ta bukatar a yi mata bayanin dalilin da ya sa yara suka rungumi wannan labari.

Catching Fire ya biyo baya a 2009, Mockingjay a 2010, fim na farko kuma a 2012, wanda ya tara kusan dala miliyan 700. An buga littattafan sama da kwafi miliyan 100, an fassara su zuwa harsuna fiye da 50, kuma maza da mata ne suka saya. A Amurka 'yan mata suka yi ta shiga ƙungiyoyin harbin kibiya. Abin bai tsaya a wasa ba, domin ɗaga yatsu uku da mutanen labarin ke yi don nuna ƙin zalunci, shi masu zanga-zanga suka ɗauka a Tailan bayan juyin mulkin 2014, haka kuma a Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, bayan na 2021. Sauran marubuta suka bi sawu, kamar Veronica Roth da Divergent a 2011. 'Ya'yan Nijeriya da aka haifa a Amurka su ma ba a bar su a baya ba. Nnedi Okorafor ta rubuta Akata Witch a 2011, kan Sunny, zabiya 'yar shekara 12 da ke zaune a Aba, Tomi Adeyemi kuma ta fitar da Children of Blood and Bone a 2018, wanda ta gina a kan al'adun Yarabawa, ya kuma hau saman jerin littattafan da aka fi saye na jaridar New York Times.

Ba na cewa duk abin da ke cikin waɗannan littattafai ya dace da mu. The Hunger Games akwai kisa a ciki, yara na kashe yara, ni kaina ba zan miƙa wa 'yar aji ɗaya ba. Wasu kuma cike suke da tsafi da abubuwan bauta da suka saɓa wa aƙidarmu. Damuwar yayyenmu tana da tushe, kuma aikin malami ne ya tace, ya san wane littafi ya dace da wane aji. Amma hani gaba ɗaya an gwada shi bai yi ba. Laburarorin Amurka sun gwada da Nancy Drew. A Kano ma, a 2007, an ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun 'yan mata 'yan makaranta a bainar jama'a, karatun bai tsaya ba, illa iyaka ya koma cikin wayar hannu, inda babu malamin da ke ganin abin da ake karantawa. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba su ce a sare shi ba.

Saboda haka ina roƙon kwamitin laburare da ya ware ko da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin domin littattafan labarai, na Hausa da na Turanci, malaman harsunan biyu su zaɓa. Ina kuma roƙon a maido da dokar malamarmu ta ranar Juma'a, a wannan karon da Turanci da Hausa. Na uku, a cikinmu akwai malaman jami'a da 'yan jarida da marubuta. Ƙungiya ta sa 'yar gasa, a rubuta wa ƙannenmu labarin jaruma Bahaushiya 'yar shekarunsu, ko daga tarihin Amina da Mangu, ko daga rayuwar yau, inda yarinya ke ratsa hanya mai haɗari domin ta isa aji.

Ga yayarmu kuwa, ina neman afuwa idan na yi rashin kunya. Yaya, a mayar wa yarinya littafinta, a ce ta ci tuwo tukuna, in ta gama kuma ta zo ta ba ki labarin daga farko har ƙarshe.  

Daga wata 'yar ajin 1984