Kwalejin Argungu da darasin da alli bai isa ya koyar ba

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Babangida ta yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, aka ce Birnin Kebbi ce hedikwata. Da ƙurar murna ta lafa aka zauna rabon gado, sai giɓi ya bayyana. Babbar kwalejin horar da malamai ta yankin, wadda aka kafa tun 1970 kuma yau take ɗauke da sunan Shehu Shagari, a cikin garin Sakkwato take, gini kuwa ba a ɗaukarsa a ka. Ga shi lokacin ya zo daidai da sauyin tsari: a 1989 aka kafa hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta tsaya kan cewa takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar malanta. Tsohuwar Gired Tu, wadda ta yaye iyayenmu malamai, ta kama hanyar ritaya.

Haka aka buɗe Kwalejin Ilimi ta Jihar Kebbi a Argungu a 1993. Daga baya aka sa mata sunan marigayi Adamu Augie, wanda aka zaɓa sanatan Kebbi ta Arewa a 1999.

A 1999 ɗin ce Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, dokarsa ta biyo baya a 2004. Azuzuwa suka ƙaru, hukumar SUBEB mai kula da shirin a Birnin Kebbi tana neman masu NCE, matasa daga Gwandu, Yauri, Zuru da ƙasar Kabi suka riƙa tururuwa Argungu. Shekara uku ake yi, a ciki har da zangon fita koyarwa a makarantu, wanda ɗalibai ba su san shi da wani suna ba sai TP.

Sai kuma manhajar karatun matakin farko ta shekara tara ta zo ta haɗa kiɗa, zane, rawa da wasan kwaikwayo a darasi guda, CCA. A nan gizo ke saƙar. Malamin firamare, musamman a ƙauye, shi ne na lissafi, shi ne na Hausa, shi ne kuma na CCA. Don haka tsarin NCCE ya sa fasaha da al'adu cikin abin da mai shirin koyarwa a firamare zai karanta. A takarda magana ta zauna. A aji kuwa, sau da yawa za ka tarar da malami ya rubuta ma'anar kiɗa a allo, ya jera sunayen kayan kiɗa, yara sun kwafa, an buga ƙararrawa. Ko tafi ba a yi ba.

Ban ga laifinsa sosai ba. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, kuma ɗan da ba na gidan makaɗa ba yana jin nauyin a gan shi da kalangu a hammata, kada a ce ya koma roƙo. Zane ma, da an zo kan mai rai, wasu iyaye sun ɗaure fuska. Matashin da aka tura TP ya san duk wannan tun daga gida.

Abin mamaki shi ne, da wuya a sami garin da ya fi Argungu kayan wannan darasi. Gidan tarihi na Kanta yana nan, ginin da Yakubu Nabame ya yi a 1831, wanda ya kasance fadar sarki har 1942 kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1958. Bikin kamun kifi, wanda aka soma a 1934 don tarbar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Duk wanda ya tsaya bakin kogin Matan Fada ya ga makaɗa cikin kwalekwale suna zuga masunta, ga gora ga homa, ya san ba a taɓa raba kiɗa da aiki ba a nan. Ɗalibin Zuru kuma ya zo da kiɗan bikin Uhola a kunnensa.

Na taɓa zama a bayan wani aji ina kallon wata ɗaliba mai TP. Ba ta zo da komai na saya ba, sai yumɓu daga fadama a cikin buhu, da ɗaurin kara, da ƙwarya biyu. Rukuni ɗaya suka gina 'yan tukwane, na biyu suka fere kara suka haɗa mota, 'yan mata suka kife ƙwarya a roba mai ruwa suna bugawa da tsinke, suna waƙar gaɗar da suka iya tun a dandali. Ga wanda ke ƙyamar zana mai rai, sai ta kawo misalin zayyanar allon sauka, ya duƙufa da layi da launi. Hedimasta ya leƙo don jin hayaniyar me ake yi, ya tsaya a bakin ƙofa, bai tafi ba har aka tashi. Malamin da ya zo duba ta daga kwaleji yana zaune a bencin yara, fom a cinya, da ɗigon yumɓu a hannun rigarsa.