Jinyar Jijiyar Haƙori a Zama Ɗaya: Nazari kan Dacewarta ga Mutanen Unguwar Lalle da Kewaye

Tsakure

Maƙalar ta dubi jinyar jijiyar haƙori, wato wanke cikin saiwar haƙorin da ya ruɓe a cike ta maimakon a cire shi, ta fuskar mazauna Unguwar Lalle da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa. Ta dogara ne kan binciken da masana suka riga suka wallafa. Matsayinta shi ne, ga wanda zuwa Sakkwato ya zame masa kasada, kamata ya yi likita ya ƙoƙarta gama aikin a zama ɗaya.

Gabatarwa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki, ruɓewar haƙori ce kan gaba. A ƙasar Gobir, mai ciwon haƙori yakan fara da kanumfari, ya zarce kemis, in abin ya ci tura ya nemi mai cire masa ya huta. Hutun kuwa yana da tsada. In turmin haƙori ya tafi, na kusa da shi sukan karkato cikin giɓin, tauna ta koma gefe guda.

Yadda ciwon yake

A tsakiyar kowane haƙori akwai ɓargo mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini. A 1965 Kakehashi da abokan aikinsa suka buɗe ɓargon haƙoran ɓeraye iri biyu. Na waɗanda aka rena ba ƙwayar cuta a jikinsu ya warke, na sauran ya mutu ya tara mugunya. Tun daga nan aka tabbatar ƙwayoyin cuta ne tushen matsalar.

Akwai wani mataki mai ruɗarwa. Bayan haƙori ya hana mutum barci kwana da kwanaki, sai zogin ya ɗauke, ya ɗauka maganin kemis ne ya yi aiki. Galibi jijiyar ce ta mutu. Jini ya daina shiga wurin, don haka kafso ba ya isa ga ƙwayoyin da ke ciki, su kuma suna gangarawa ta bakin saiwa zuwa ƙashin muƙamuƙi. Wata rana sai a ga ɗan ƙurji a dasashi yana tsiyaya, ko a wayi gari kunci ya kumbura.

Yadda ake aikin

Likita zai ɗauki hoton haƙorin, ya yi allurar kashe zafi, ya killace shi da shimfiɗar roba don kada yawu ya shiga. Sai ya huda ta sama ya nemo hanyoyin saiwa; na gaba yawanci ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu. Da siraran magagarai zai kankare su, yana ɗauraye su da ruwan kulorin, sannan ya cike da gata-faca, ƙaron wata bishiya ta yankin Malesiya, ya toshe saman. Likitoci da yawa sun saba raba aikin gida biyu ko uku, su sa magani a ciki su rufe da cikon wucin gadi.

Zama ɗaya ko da yawa?

Wannan sabo ne ya kamata a sake dubawa. Manyan wuraren wannan aiki, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, suna birnin Sakkwato, hanyoyin gabashin jihar kuwa kowa ya san halinsu. A Disamban 2021 'yan bindiga suka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni, a 2024 kuma suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu. Manomin da aka ce masa ya dawo bayan mako biyu, ga kuɗin mota ga tsoron hanya, da wuya ya dawo muddin zafin ya lafa. Cikon wucin gadi kuma ba ya daɗewa. In ya ɓare, ƙwayoyin cuta su koma ciki, haƙorin da aka sha wahala a kansa ya ƙare a hannun mai cirewa.

Bitar da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2007, ta sabunta a 2016 da 2022, ba ta sami hujjar cewa raba aikin ya fi gama shi lokaci guda nasara ba. Abin da ta lura da shi shi ne, waɗanda aka gama wa a zama ɗaya sun ɗan fi kukan zafi a makon farko. Wannan abu ne da maganin rage zafi da bayani mai gamsarwa za su iya ɗauka. Saboda haka a ra'ayin wannan maƙala, tambayar garin da majinyaci ya fito tana da muhimmanci daidai da hoton haƙorinsa, kuma ya dace a ware wa na nesa dogon lokaci a ranar da ya zo.

Shawarar tana da iyaka. In mugunya ta ƙi tsayawa, saiwar ba ta bushe ba, ba a cikewa. Gara a nema wa majinyacin masauki a birni har a gama. In kuwa kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa, harshe ya ɗago, haɗiya ta gagara, irin halin da likitan Jamus von Ludwig ya bayyana a 1836, to batun ceton haƙori ya wuce, sai a garzaya da majinyacin asibiti a ranar don kada numfashi ya toshe.