Fuji: Kurangar Da Japanawa Suke Yi Wa Rumfa

A dazukan Japan, fuji ba ta da ladabi. Takan nannaɗe duk bishiyar da ta samu, ta haye ta har ta tare mata rana. Manoman tsaunuka sun fara saninta ne a matsayin igiya: su ɓare bawonta, su dafa da toka, su zare zare, su saƙa kayan aiki masu ƙwari. Har yau akwai masu wannan saƙa a yankin Tango da ke lardin Kyoto.

Fada ce ta ɗaga darajarta. A shekarar 669 Sarki Tenji ya ba amininsa Nakatomi no Kamatari sunan Fujiwara, wato filin fuji, kuma zuriyarsa ce ta riƙe ragamar mulki ƙarnoni da dama ta hanyar aurar da 'ya'yanta mata ga sarakuna. Wurin ibadar gidansu, Kasuga Taisha da ke Nara, wanda aka kafa a 768, fuji ce tambarinsa. Sunaye irin su Sato da Ito da Kato duk suna ɗauke da harafin sunanta a rubutun Japananci.

Gwanintar masu lambu tana ga rumfa. Suna ɗora rassan a kanta domin furanni masu launin shunayya su zubo ƙasa kamar labule, daga tsakiyar Afrilu zuwa Mayu. Sau biyu ake datse ta a shekara, bayan fure da kuma lokacin sanyi. Wanda ya yi sakaci, ganye kawai zai kwasa. Wanda kuma ya shuka iri maimakon dashe, yana iya jiran shekara 10 ko fiye bai ga fure ba.

Aikin da ya fi burge mutum shi ne na Ashikaga, a lardin Tochigi. A 1996 aka tashi mayar da tsofaffin fuji, masu shekara kusan 130, zuwa sabon wuri mai nisan kilomita 20. Jikinsu taushi gare shi, ƙaramin rauni na iya jawo ruɓa. Tsukamoto Konami, mace ta farko da ta zama likitar bishiya a ƙasar, ta sa aka naɗe kututtukan da filasta irin ta ɗaurin karaya, sannan aka ɗaga su. Sun kama. Yau babbar cikinsu ta lulluɓe rumfa mai faɗin murabba'in mita 1,000.