Bashin Madara: Yadda Cukun Comté Ya Samo Asali a Duwatsun Jura

Wanda ya shiga shagon cuku a birnin Faris ya ga yadda ake yanka Comté siriri, ana ɗora shi a sikeli kamar turare, zai ɗauka don teburin masu hannu da shuni aka ƙirƙire shi. Amma girman dunƙulen kansa yana ba da wani labari dabam. Faffaɗa ne kamar dutsen niƙa, nauyinsa kimanin kilo 40, kuma sai an tara madara wajen lita 400 kafin a sami guda ɗaya. Manomin da na duwatsun Jura, a gabashin Faransa kan iyaka da Suwizalan, 'yan shanunsa ba su taka kara sun karya ba, ko ya kwana yana tatsa ba zai cika tukunya shi kaɗai ba. Kowane dunƙule ke nan madarar gidaje da yawa ce. A ganina nan ne asirin wannan cuku yake: daɗin da masana ke yabo a yau ya fito ne daga tsarin amana da talakawan ƙauye suka gina don su tsira, kuma ranar da tsarin ya rushe daɗin ma zai bi shi.

Matsalar da suka fuskanta kowane makiyayi ya san ta. Madara takan yi ambaliya lokacin da ciyawa ta yi kore, ta ƙafe idan sanyi ya shigo, ita kuma ba ta jiran kowa. Matan Buzaye da Fulani a Nijar sun magance wannan da shanya cuku falle-falle a kan tabarma, domin rana da busasshiyar iska suna hannunsu. Mutanen Jura laima da dusar ƙanƙara suka samu, mai toshe hanyoyi watanni. Sai suka bi ta wuta da gishiri: a daskarar da madara da sinadarin da ake cirowa daga tumbin maraƙi, a farfasa ta har gudajinta su koma kamar ƙwayar shinkafa, a dafa a tukunyar tagulla, a matse ruwan sarai, a goga gishiri, wanda a wancan zamani ake samarwa kusa da su a garin Salins. Ƙaramin curi yakan bushe ya tsage kafin hunturu ya fita. Babba mai kaurin ɓawo yakan shekara lafiya, ya jure tafiyar amalanke zuwa kasuwanni masu nisa.

Tun ƙarni na 13 takardu suka fara ambaton ƙungiyoyin da ake kira fruitière a ƙauyukan yankin, kuma yadda suke aiki ya fi komai kama da adashi. Kowa yakan kai madararsa gidan wanda zubi ya faɗo kansa, a yi cuku a can, dunƙulen ya zama nasa, shi kuma ya ɗauki bashin madarar maƙwabtansa, ya riƙa biya kullum da tasa har juyi ya sake zagayowa. Da yake yawancinsu ba su yi karatu ba, a jikin sanda ake lissafi: a tsaga ta gida biyu, a haɗa ɓarin biyu a yi musu tsaga ɗaya, kowa ya tafi da nasa, yadda ba mai iya ƙara tsaga a ɓoye. Abin lura shi ne irin tarbiyyar da wannan ke tilastawa. Idan mutum ɗaya ya sirka madararsa da ruwa, ko ya kawo ta a ƙazamin bokiti, tukunyar gari duka ce ta lalace, kuma asarar tana iya faɗawa kan ɗan'uwansa. Tsabta da gaskiya sun zama abin da kowa ke sa wa kowa ido a kai, tun kafin a san mene ne ƙwayar cuta. A ƙarni na 19 ƙauyuka suka koma gina ɗakin cuku na dindindin suna ɗaukar gwani aiki, aka kuma buɗe makarantun sana'ar madara a Mamirolle a 1888 da Poligny a 1889, amma manoma suka ci gaba da zama masu tukunyar.

Dokokin da suka zo daga baya wannan tsohon tsari suka rubuta a takarda. Kotun Dijon ta shata iyakar yankin a 1952, gwamnati ta ba sunan kariya a 1958, Tarayyar Turai ta tabbatar a 1996. Shanun dole su zama jinsin Montbéliarde ko Simmental na Faransa, abincinsu ciyawar fili da ingirici, ban da ciyawar da aka tara ɗanya ta yi tsami. Madara ɗanya ake amfani da ita, a sarrafa ta cikin awa 24, kuma a tattaro ta daga da'irar da faɗinta bai wuce kilomita 25 ba.

Akwai masu cewa duk wannan dabarar kasuwa ce, katanga ce da aka gina don a hana wasu shiga a tsawwala farashi, kuma babbar masana'anta za ta iya yin irinsa da araha. Gaskiya ne katangar tana ɗaga farashi. Amma a dubi inda kuɗin yake zuwa. Ƙa'idar kilomita 25 ita ta hana a haɗiye ƙananan ɗakunan cuku cikin kamfani guda, shi ya sa har yau akwai kusan 140, suna karɓar madarar gonaki fiye da 2,000, kuma manoman suna sayar da madararsu da daraja fiye da takwarorinsu na kwari. Batun yin irinsa kuwa, masana'anta takan gauraya madarar wurare masu nisa ta tafasa ta don ɗanɗano ya zama ɗaya kullum. Comté na damina launinsa rawaya ne saboda ɗanyar ciyawa, na hunturu fari-fari saboda ingirici, na wannan ƙauye kuma ya bambanta da na wancan. Wannan bambancin shi ne abin da mai saye ke biya, kuma ba ya tsira a babbar tanka.

Ƙorafin da ya fi nauyi na muhalli ne, kuma bai kamata a kau da kai daga gare shi ba. Da kasuwa ta buɗe, abin da ake samarwa ya haura tan 60,000 a shekara, taki ya ƙaru a filaye, ƙasar Jura kuwa dutsen farar ƙasa ce mai ramuka, duk abin da aka zuba a sama yakan zurara cikin ruwa. Kifaye sun mutu da yawa a kogin Loue a 2010, kuma masu kare koguna suna ɗora wani kaso na laifin kan kiwo. Suna da hujja. Sai dai a nan ma tsohon tsarin ne ke da abin gyara a hannu, domin ƙungiyar da ta haɗa manoma da masu tukunya da masu rumbun ajiya tun 1963 tana da ikon taƙaita yawan madarar da za a tatsa a kowace hekta, kuma tana yin haka. Ko ƙaidin ya isa, wannan abin muhawara ne da 'yan yankin ke yi da zafi.

Mataki na ƙarshe yana hannun mai rumbu. Doka ta ce kwana 120 aƙalla, amma da yawa sukan shekara ko fiye a kan allunan katako, ana juya su ana goga musu ruwan gishiri. A 1966 Marcel Petite ya mai da tsohon sansanin soja na Saint-Antoine rumbun cuku, don kaurin bangonsa yana riƙe sanyi da laima, cuku ya nuna a hankali. A can gwani yakan bi layi da 'yar guduma yana ƙwanƙwasa kowane dunƙule, kunnensa na neman amon da ke nuna tsaga a ciki. Sai ya soka ɗan bututun ƙarfe ya zaro siririn yanki, ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu, ya ɗanɗana, ya mai da sauran ya toshe ramin. Maki 20 ake aunawa da shi: mai maki sosai a naɗa masa koren kambu, mai bi masa ruwan ƙasa, wanda ya kasa kai 12 kuwa a cire masa sunan Comté.