Yadda Birnin Istokholm Ya Raya Matacciyar Ƙasar Hammarby

A kudancin Istokholm, babban birnin ƙasar Suwidin, akwai wani tafki da ake kira Hammarby, wanda a farkon ƙarni na ashirin hukumar birni ta haƙa masa mashigi domin jiragen ruwa su sami hanya, masu masana'antu kuma su sami inda za su kafa injunansu. Suka kuwa kafa: kamfanin General Motors ya buɗe wurin harhaɗa motoci a 1928, masana'antar ƙwan lantarki ta Luma ta bi bayansa a 1930. Amma da zamani ya juya, manyan suka tashi ɗaya bayan ɗaya, sai ɓangaren da ake kira Lugnet ya zama matattarar makanikai da masu walda da 'yan gwangwan, kowa da rumfarsa ta kwano, kowa yana tsiyayar da baƙin mai inda ya ga dama, har ƙasar ta ƙoshi da mai da ƙarafa masu guba.

Malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan raya matacciyar ƙasa, sai dai wadda suke nufi ita ce wadda ba ta da mai ita, ba a kuma amfani da ita. Ta Hammarby kuwa hannun ɗan Adam ne ya kashe ta, saboda haka mas'alarta ta fi wuya. Gama ɗan kasuwa, komai son ribarsa, ba zai zuba dukiyarsa wajen kwashe dattin da wani ya bari ba, alhali bai san zurfin gubar ba, bai kuma san ranar da zai aza tubalin farko ba. Dole sai an sami mai dogon numfashi wanda zai fara kashewa ya jira, kuma a nan babu mai wannan haƙuri sai baitulmalin birni.

Tun wajen 1990 aka fara zana taswirar sabuwar unguwa a ƙarƙashin jagorancin mai tsara birane Jan Inghe-Hagström, amma abin da ya zaburar da mahukunta shi ne neman karɓar baƙuncin wasannin Olamfik na 2004, inda suka ƙudura a gina masaukin 'yan wasa a wurin. A 1997 aka ba Atina, Istokholm ta tashi a tutar babu. Duk da haka ba a janye ba. Hukumar birni, wadda da ma tun farkon ƙarni na ashirin take da al'adar mallakar filaye tana ba da su haya mai dogon wa'adi, ta sayi abin da ya rage a hannun mutane, wani lokaci ma bisa farashin da ya haura na kasuwa domin gudun jan shari'a, ta tsabtace ƙasa, ta shimfiɗa tituna da bututun ruwa, sa'an nan ta miƙa fuloti ga magina domin ta mayar da kuɗinta sannu a hankali. Gwamnatin ƙasa ta tallafa da nata kason daga 1998. Aka tsara gidaje kimanin 11,000, ga jirgin tarago yana ratsa unguwa, ga bututun ƙarƙashin ƙasa yana zuƙe shara.

Sai dai a ganina inda tarihin ya fi buƙatar nazari shi ne yadda aka mayar da kuɗin. Niyyar farko ita ce a raba gidajen daidai wa daida tsakanin na haya da na sayarwa, domin mai ƙaramin ƙarfi ya sami gurbi. Amma bayan zaɓen 1998, da ragamar majalisar birni ta koma hannun masu ra'ayin kasuwa, aka karkata ga sayar da filaye kai tsaye, aka ƙara wuraren ajiye motoci, kason gidajen haya ya ragu. Waɗanda suka tare a gidajen farko na ɓangaren unguwar da ake kira Sickla Udde daga wajen shekarar 2000 galibinsu masu hali ne, makanikan Lugnet kuwa aka sallame su suka nemi rumfa a wajen gari.