Daga Oloibiri Zuwa Motar Ƙarfen Saro-Wiwa

A 1956 aka tono man fetur a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, aka fara fitar da shi waje a 1958. Kuɗin suka nufi Legas da Landan. Masunta da manoman Neja Delta kuwa aka bar su da malalar ɗanyen mai a rafuka, da wutar iskar gas mai ci dare da rana a bayan gidajensu.

Wanda ya kai kukan nan kunnen duniya marubuci ne. 'Yan Najeriya sun fara sanin Ken Saro-Wiwa da wasan barkwancinsa na talabijin, Basi and Company, kafin ya jagoranci ƙungiyar MOSOP ta 'yan Ogoni, wadda aka kafa a 1990. Ranar 10 ga Nuwamba, 1995 gwamnatin Abacha ta rataye shi da mutum takwas a Fatakwal.

An yi zaton maganar ta mutu, sai ga ta a hannun masu fasaha. Tanure Ojaide ya fitar da kundin waƙoƙinsa Delta Blues and Home Songs. George Osodi ya yi daga 2003 zuwa 2007 yana ɗaukar hotunan yankin, har da matan da ke shanya garin rogo a zafin wutar gas, abin da ya fi dogon rahoto shiga rai. Rahoton ma ya zo: a 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsaftace ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 30. 'Yar Saro-Wiwa, Zina, ta mayar da tsohon ofishinsa zauren baje kolin zane a 2014.

A ganina aikin Sokari Douglas Camp ya fi kowanne ƙarfi. Haifaffiyar Buguma ce, mazauniyar Landan, kuma da ƙarfe take aiki, sana'ar da a wajenmu ba a san mace da ita ba. A 2006 ta ƙera motar bas sukutum, gangunan mai a kanta ɗauke da sunayen waɗanda aka rataye. Motar ta zaga biranen Ingila lafiya lau.

Da aka turo ta gida a 2015 don cikar shekara 20 da kisan, kwastan suka tsare ta a tashar jiragen ruwan Legas, wai akwai siyasa a cikinta. Shugaban hukumar a lokacin, Kanal Hameed Ali mai ritaya, yana cikin kotun musamman da ta yanke wa Saro-Wiwa hukuncin kisa.