Mangazar Marsai: daga buhuna zuwa biro

Tsakanin 1858 da 1864 aka gina babbar mangazar Joliette a bakin tekun Marsai, cikin ƙasar Faransa. Gustave Desplaces ne ya zana ta. Tsawonta mita 365 ne, an kuma yi ta da dutse, bulo da ƙarfe domin tsoron gobara. A nan ƴan dako suke jibge hajar da jiragen ruwa suke kawowa. A wancan zamani Marsai ta shahara da masana'antun mai da sabulu, waɗanda gyaɗar Afirka ta Yamma take ciyarwa. Can ne ma aka kafa kamfanin CFAO a 1887, wanda daga baya ya buɗe kantuna har Maraɗi da Damagaram.

Bayan 1960, manyan ayyukan tashar suka koma Fos, mangazar ta rasa amfani. A 1991 wani kamfani ya saye ta, aka damƙa gyaranta ga Éric Castaldi. Ya bar bangaye da ginshiƙai yadda suke, ya faɗaɗa tagogi, ya shigo da haske cikin farfajiyoyinta huɗu. Aikin ya ƙare a 2002, ɗakunan buhuna suka zama biro.

Gyaran ya ceci ginin daga rushewa, amma bango ba ya ba da labarin wanda ya yi gumi a ƙarƙashinsa. Duk garin da ya gaji tsohuwar mangaza, wajibi ne ya rubuta tarihin ƴan dakonta da manoman da suka cika ta tun kafin a shafa sabon fenti.